Askar Malam Nuhu

Guɗa biyu aka yi a gidan Malam Jalaluddeen rana ɗaya, har maƙwabta suka rasa wadda za su fara yi wa barka. Da hantsi rediyon Gusau ya karanto sunayen sababbin alƙalan shari'a, sunan Malam na ciki, an ba shi kotu a Zurmi. Kafin la'asar kuma surukarsa Suwaiba, matar babban ɗansa Muhtari, ta sauka lafiya, namiji, jikan fari a gidan. Lokacin jihar Zamfara ba ta ko cika shekara goma ba, shari'a na tashenta, kujerar alƙali kuwa ba abin wasa ba ce. Rabin Ƙauran Namoda ya taso. Hajiya Hindu, matar Malam, ta yi guɗa har muryarta ta dishe, ta kurɓi ruwan ɗumi, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Ƙannen Muhtari biyu, Shamsu da Anas, suka haye babur ɗaya suna zaga gari suna danna hon, suna ba mutane labarin da kowa ya riga ya ji.

Washegari Gwaggo Turai ta iso daga Banga da buhun gero da kaji a ɗaure. Ita ta goyi Suwaiba tun rasuwar uwarta, ita kuma za ta yi mata wankan jego. Tun daga zaure take rangaɗa guɗa, ta gaida Hajiya, ta gaida yara, ta kusa gaida ragon suna. Sai da ta zaga gidan kaf aka nuna mata ɗakin mai jego, can ƙurya kusa da rumbu. A bakin ƙofa akwai kwano ɗaya da moɗa ɗaya da aka ɗaura wa jan ƙyalle, don kada wani ya yi kuskuren taɓawa.

Abin da ya kawo jan ƙyallen nan ba shi da tsawo. Da cikin ya tsufa jini ya yi wa Suwaiba ƙaranci, aka kwantar da ita asibiti, aka ce a kawo masu ba da jini. Muhtari da ƙannensa suka je suna raha, kowa na cewa nasa ya fi ƙarfi. Aka gwada su, aka ƙi karɓar na ko ɗaya. Su ukun duk suna ɗauke da ciwon hanta, irin wanda ke zaune cikin jini shekara da shekaru mutum na yawonsa bai sani ba. Ita da ke kwance, ita ce ba ta da shi. Wata nas mai suna Safiya ta zauna bakin gadonta ta yi mata bayani a hankali: ciwon ba ya bin kwano ko gaisawa, jini yake bi, aska ɗaya ko reza ɗaya ta isa, kuma jariri in ya kama da wuya ya rabu da shi har abada. Ta ce da an haihu a kawo yaron a yi masa allurar rigakafi, kada kuma a bari ƙarfen da ya taɓa jinin wani ya taɓa shi.

Da aka dawo gida, Hajiya ta juya maganar ta zaunar da ita yadda ta fi mata daɗi. Wanda aka kwantar ai shi ne marar lafiya. Unguwa ta ji cewa matar Muhtari ta kwaso wani ciwon jini, ana dai rufa mata asiri saboda gidan na mutunci ne.

To, gidan yana da wata al'ada da suke ji da ita fiye da filayensu. Akwai askar Malam Nuhu, mahaifin Malam Jalaluddeen, wadda aka ce ya je Makka da ita a ƙasa ya dawo. Duk ranar sunan ɗa namiji a zuri'ar ake fito da ita daga koren ƙyalle. Mazan gidan su jeru, a fara aske babba, a bi na ƙasa da shi, a bi na ƙasa, har a dire kan jaririn. Ba a wanke ta tsakanin kai da kai, a tafin hannu kawai wanzami ke gogewa, domin a cewarsu albarka daga sama take gangarowa. Ƙannen Malam biyu sun rasu ba su tsufa ba, ciki a kumbure, idanu sun yi rawaya. An ce mahassada ne suka yi musu sammu, aka yi saukar Alƙur'ani, aka ninke askar aka ajiye sai wani sunan.

Wannan askar ce ta hana Suwaiba barci da cin abinci, alhali gidan na ta juyi da murna.

Muhtari ya leƙo da yamma cikin sabuwar shadda, yana ƙamshin turare, bakinsa har kunne. Ya ɗauki yaron ya ɗaga shi sama yana kiransa alƙalin gobe.

"Maigida," in ji Suwaiba, "ka tuna abin da nas tac ce. Cewa ta yi da an haihe shi a kai shi a yi mai allura."

"Ke kuma kin hwara. Jinjiri na hita kahin suna? Ki bari a yi suna, a raka Baba Zurmi, ni da kaina zan ɗauke ku in kai ku."

"To, askar hwa?"

"Aska mi ta yi miki? Da ita anka yi man nawa, ga ni garau." Ya naɗe hannun riga ya nuna mata damtse yana dariya.

"Garau, amma sun ƙi jininka."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye yaron, ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya. "Kada in ƙara jin wagga magana. Mutane ba su san wani ciwon hanta ba. Da sun ji jini, wancan ciwon na zamani za su ce, na masu bin mata. A ce ɗiyan alƙalin shari'a su ukku? Kina son a ƙwace kujera tun Baba bai zamna ba?"

"Ni kuma da anka ɗaura ma jan ƙyalle, mi aka cewa a kaina?"

"Ke mace ta, kina cikin gida, wa ka ganinki? Ki yi haƙuri kwana kaɗan na." Wani ya kira shi daga zaure, an kawo shinkafa daga Shinkafi gudummawa, ya fice da sauri kamar an cece shi.

Kwanakin da suka biyo baya kowanne ya fi na jiya nauyi. Mata masu barka suka daina ƙarasowa ɗakinta, daga nesa suke ɗaga murya su ce sannu da arziki, su juya. Sai Hajiya ta ce bai kamata jikanta ya wuni yana shaƙar numfashin marar lafiya ba, aka mayar da shi ɗakinta, sai ya yi kuka a kawo shi ya sha nono a mayar. Suwaiba na zaune nono na zuba a riga, tana jin ana ta yi wa ɗanta wasa a can, ana cewa hancin Malam ne, goshin Malam ne. Baƙin ciki ya ishe ta, ga shi ba ta da wanda za ta gaya wa ya tsaya ya ji.

Da Hajiya ta kawo yaron da kanta wata safiya, Suwaiba ta durƙusa ta yi ƙarfin hali.

"Inna, don Allah ki sa baki. Ko ni ban hita ba, a ba Gwaggo shi ta kai shi asibiti ta dawo, ba wanda za ya sani."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Allura? Yanzu da gari dut aka ta surutu kan maganin shan-inna da suka ɗiga ma yara, sannan za ki kai man jika? Wai ma tsaya in tambaye ki. Wa anka kwantar, ke ko su? Wa anka ƙara ma jini? Ɗiyana da ƙahwahunsu sunka tahi, da ƙahwahunsu sunka dawo. Na'ura ta ruɗe ta ba su naki, shi ke nan." Ta karɓe yaron tun bai gama ƙoshi ba, ta fita tana yi masa waƙa.

Gwaggo Turai kuwa ta riga ta narke. An ba ta turmin atamfa, tana cin kaza safe da yamma, matan gari na ce mata surukar alƙali. Tana tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa Suwaiba a baya, tana yi mata faɗa cikin raha.

"Ke dai ki sha kunun kanwarki ki yi ƙiba. A Banga aska guda aka yi ma ƙauye dut, wa ya mutu?"

"Da yawa, Gwaggo."

"To, kwanansu ya ƙare. Mu manoman gero Allah ya kai mu gidan alƙali, ke kina son ki ɓallo muna ruwa. Juyo nan."

Ana gobe suna Suwaiba ta yi abin da suruka ba ta yi. Ta saka hijabi ta je ƙofar turakar Malam bayan la'asar, ta durƙusa bayan labule ta yi sallama. Tun da aka kawo ta gidan, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma kanta a sunkuye. Malam mutum ne mai fara'a, ga shi ranar an kawo masa alkyabba yana gwadawa. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, tsoron uwa na," in ji shi. "Amma askag ga ta aske ni, ta aske mijinki. Cuta da lahiya na Allah na."

"Baba, ko da a tahwasa ta kahin a kai ga yaro."

Malam ya fashe da dariya har yana tari. "A tahwasa albarka? Hajiya, zaka ki ji. Ɗiyarki ta ce a tahwasa albarka."

Kafin magariba maganar ta zaga gidan. Masu tuƙa tuwo na cewa a ƙara wuta albarka ba ta nuna ba. Shamsu ya ɗauki tukunya ya kifa a ka yana rawa. Har Gwaggo Turai ta yi dariya sai da ta share hawaye. Ba mugunta ce ta sa su ba, murna ce ta yi musu yawa, komai aka jefo musu sai su mai da shi abin wasa. Ita kuwa tana ɗaki tana jin su, kunya da takaici sun hana ta ko kuka.

Da asuba aka raɗa suna a ƙofar gida, Nuhu, sunan mai askar. Maroƙi ya kwarara shela, mata suka amsa da guɗa, aka kayar da raguna. Cikin wannan hidimar aka kawo wa Suwaiba yaron ya sha nono, aka manta da su. Gwaggo na can bakin murhu tana gardamar rabon nama. A nan dabara ta faɗo mata. Cikin kayan haihuwar da ta tanada akwai sabuwar reza da ba a ɓare ba. Ta ɓare ta, ta jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi da sabulu, ta kwantar da shi a cinya, ta yi bisimilla. A hankali ta bi kan nan lungu-lungu, yaron na barci abinsa, har ba ta bar ko silin gashi ba. Ta tattara gashin ta ƙulle a bakin zane, ta saka masa hular ulu ta ja ta har kunne.

Sai ga Suwaiba na dariya ita kaɗai. In babu gashi, me aska za ta aske? Ta sumbaci yaron, ta yi masa rawa a zaune, ta ce masa a kunne sun ci su da wayo. Ta tashi ta ɗaura sabon leshi, ta zizara kwalli, ta cinye kwanon naman da ta ƙi kallo tun jiya. Da Gwaggo ta shigo ɗaukar yaron ta same ta tana murmushi, ta ce, "Yauwa, ko ke hwa. Yanzu kin yi kama da uwar ɗa."

A filin da ke tsakanin zaure da cikin gida aka shimfiɗa tabarmi. Mata suka cunkushe a bakin ƙofa suna leƙe, Suwaiba na bayansu tana ɗage. Aka kwance koren ƙyalle, Sule wanzami ya karɓi askar da hannu biyu. Malam ya cire rawani ya zauna. Ƙeyarsa cike take da ƙurajen aski, askar na bi suna fashewa, Sule na gogewa a tafin hannu yana yi masa kirari. Muhtari ya zauna, aka yi masa. Shamsu ya ƙi zama wuri ɗaya don surutu, aka yanke shi a bayan kunne, ya ce albarka ta shiga ta gajeriyar hanya, maza suka kwashe da dariya. Anas ya bi. Sannan Gwaggo Turai ta fito da yaron tana taku ɗai-ɗai, ta durƙusa gaban Malam, domin a al'adar shi ke fara jan askar a kan jariri da hannunsa, wanzami ya ƙarasa.

Malam ya zare hular. Kan yaron ya fito fes yana ƙyalli. Gwaggo ta saki baki, Muhtari ya sunkuyar da kai. Suwaiba kuwa daɗi take ji, tana jira a ce a mayar da shi ciki.

Malam ya duba kan, ya duba jama'a, ga baƙi daga Zurmi da Shinkafi sun zuba masa ido. Sai ya yi murmushi. "Uwar tai ta rage ma Sule aiki," in ji shi. "Ba komi. Mu dama ba gashi muka bi ba."

Jama'a suka saki dariya, hankali ya kwanta. Ya karɓi askar yadda take, ya yi bisimilla, ya ɗora ta kan fatar da ba gashi ba ruwa, ya ja daga goshi zuwa tsakiyar kai. Hannun tsoho ne, fatar kuwa ta ɗan kwana bakwai. Wani siririn jan layi ya biyo bayan askar. Yaron ya canyara kuka, guɗar mata ta danne shi.

Suwaiba ba ta san lokacin da ta ratsa matan ba. Ta dai ga kanta tsakiyar maza, ta karɓe ɗanta daga hannun Gwaggo, ta goge jinin da bakin hijabi, wani ya sake tsattsafowa. Da gashin na nan, wataƙila da askar ba ta kai ga fata ba. Wannan tunanin ya soke ta fiye da komai, ta ji kamar da hannunta ta yanke shi. Ba ta koma ciki ba, ta rungume shi ta nufi zaure.

Muhtari ya sha gabanta, kansa sabon aski, yana murmushin dole saboda baƙi. "Ina za ki?"

"Asibiti."

"Ɗan ƙwarzane na, a sa mai toka. Koma ciki, mutane na kallo."

"Su kalla."

Ya matso ya yi magana ta cikin haƙora. "In kin taka ƙohwag ga, a bakin aurenki."

Ta dube shi. Tana son mutumin nan, kuma ta san shi ma tsoro ne ya cika masa ciki, tun ranar da aka ƙi jininsa bai sake zancen ba ko da kansa. Ta raɓa ta gefensa ta wuce, ta tsallake takalman baƙi, ta bi ta gaban masu fiɗar rago ta hau titi. Masu kabu-kabu a lokacin tsoron ɗaukar mace a babur suke saboda dokar shari'a, don haka a ƙasa ta tafi, da ɗanyen jiki, cikin leshin suna, yara na bin ta da kallo.

Ta sami Nas Safiya a bakin aiki. Safiya ta dubi kan yaron, ta dubi kwalliyar uwar. Ta wanke yankan, ta ɗauko allura ta yi masa a cinya.

"Ya shiga jininai?" in ji Suwaiba.

"Allurar takan tare ciwon in an yi ta da wuri, kuma kin yi sauri. Amma ba ni rantse miki. Akwai sauran allurai, ki kawo shi dut, kada ki tsallake ko guda. Sai ya kusa shekara za a gwada a gani."

A gida kuwa ba a fasa komai ba. An ci tuwo, an raba nama, mata sun yi kiɗan ƙwarya har rana ta faɗi. Duk wanda ya tambayi mai jego sai a ce masa ciwon nan nata ne ya taɓa mata kai, a yi mata addu'a. Anas aka aika ya same ta a bakin asibiti ya gaya mata Yaya ya ce ta wuce Banga, ya sake ta. Bayan kwana kaɗan aka yi jerin motoci aka raka Malam Zurmi, askar na cikin jakarsa. Baƙin da aka yi abin a gabansu suka baza labarin irin haƙurin alƙali da irin albarkar gidansu, har wasu manyan garin suka fara roƙon a riƙa ara musu ita ranar sunan 'ya'yansu. Malam mutum ne mai kyauta, bai iya hana ba.

Suwaiba na Banga a ɗakin Gwaggo Turai, wadda ta yi fushi na mako guda sannan ta sauko, har ita ke raka ta Ƙaura ranar allura. Yankan ya warke, gashi ya rufe wurin, yaron ya yi ɓul-ɓul yana dariya da kowa. Amma kullum da safe, kafin ta ba shi nono, sai ta fito da shi hasken rana, ta sa yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa ta daɗe tana dubawa.

"Wai ke mi kika biɗa cikin idon yaron ga kullum?" in ji Gwaggo wata safiya, tana tankaɗe.

Suwaiba ta duba na dama, ta duba na hagu, sannan ta saki numfashi.

"Yau dai hwari na, Gwaggo," ta ce.